Gatari, Garaya da Tofi: Masu Farautar Mutanen Ɓoye a Kano

Bayan sallar isha'i, a bakin shagon cajin waya a unguwar Babban Giji ta Kano, ba wuya a tarar da samari huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon fim. Wata rana abin da ake kallo yakan zama Van Helsing, fim ɗin Amurka da ya fito a 2004. Labarin wata ƙungiyar asiri ne da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa a fadar Paparoma, da maƙeranta da rumbun makamanta, wadda ta tura jaruminta ya je ya kashe Dirakula mai shan jinin mutane. Samarin sukan yi gardama a kan ko akwai wannan ƙungiya da gaske.

Babu ita. Masu fim ne suka ƙaga ta, sunan jarumin ma aro suka yi daga littafin da Bram Stoker ya wallafa a 1897. Abin da cocin Katolika ke da shi bai kai haka armashi ba. Littafin addu'o'i ne da aka tsara a 1614, aka sabunta sashensa na korar shaiɗanu a 1999, sai kuma doka da ta ce babu limamin da zai yi wannan aiki sai da izinin bishop ɗinsa. Akwai ƙungiyar masu korar shaiɗanu ta duniya, wadda Fada Gabriele Amorth na birnin Rum yake cikin waɗanda suka kafa ta, fadar Paparoma kuma ta amince da ita a 2014. Ba a ɓoye take ba, ba ta da baka balle kibiya.

Da samarin nan za su ɗaga kai daga wayar, da sun ga cewa garinsu ya fi fim ɗin labari. Kano ta shafe shekara ɗari bakwai tana farautar abin da ido ba ya gani. Sai dai a nan ɓoyo na abin farautar ne, shi ya sa Bahaushe ya kira su mutanen ɓoye. Masu farautar kuwa da rana tsaka suka yi aikinsu: sarakuna ne da malamai da alƙalai, kowa da makaminsa.

Farkon labarin bishiya ce. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, babban mutumin dutsen Dala, mai hidimar Tsumburbura. Mazaunin Tsumburbura wata bishiya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga sai Barbushe, wanda duk ya yi karambani ya shiga kuwa sai gawarsa. Sau biyu a shekara Barbushe yake saukowa daga dutsen, jama'a su taru daga gabas da yamma da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, ya shiga shi kaɗai, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi.

Bagauda da jikokinsa sun karɓi sarautar ƙasar, amma sun daɗe ba su iya da katangar nan ba. Sarki bayan sarki yana neman a gaya masa asirin wurin, masu wurin suna karɓar kyauta suna yin shiru. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, aka shiga da ƙarfin tsiya. An gwabza, an kori masu tsaron wurin, sarki ya sa aka rushe katangar da duk abin da ke gindin bishiyar. Abin lura ne cewa sarkin da ya fara wannan aiki sunan bishiya gare shi, bishiyar ma wadda har gobe Bahaushe ba ya son zama a gindinta da tsakar rana.

Amma bai sare Shamus ba. Katanga kawai ya iya rushewa.

Da Wangarawa suka iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, sai aka sauya dabara. Maimakon a sare bishiyar, aka gina masallaci a gindinta. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Aka sa masu gadi da makamai, abin bai tsaya ba. Tarihin ya ce malamai ne suka taru suka yi addu'a, masu ɓarnar suka wayi gari a makance. Ko mai karatu ya ɗauki wannan a zahirinsa ko ya ɗauke shi a matsayin yadda malaman baya suka so a tuna da abin, saƙon a fili yake: takobi ya gaza, addu'a ta yi aiki. Tun daga ranar malami ya shiga sahun mafarauta, bai kuwa sake fita ba.

Ɗan Yajin nan, Kanajeji, shi ya nuna cewa zancen bai mutu ba. Da Zazzagawa suka ba shi kashi a yaƙi, sai ya kira ragowar masu tsohon addini ya nemi shawara. Suka ce ya raya abin da ubansa da kakansa suka rushe. Ya sare reshe guda na bishiyar, ya kashe jan macijin da ya tarar a wurin, aka yi masa huffi da fatarsa, aka sassaƙa ganguna da icen. Ya koma fagen fama ya ci Zazzau. Marubucin Tarihin, malami Musulmi, bai goge wannan labari ba, kuma ya cancanci yabo a kan haka, domin da ya goge shi da an ɗauka Kano ta gama da Tsumburbura a yini guda.

Gatarin ƙarshe ya sauka ne a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Maghili ya zauna a Kano. Aka sare bishiyar, aka gina hasumiya a gurbinta. Daga rushe katanga zuwa sare kututture an ɗauki kusan shekara ɗari da hamsin.

Duk da haka ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. A zamanin Muhammadu Zaki, 1582 zuwa 1618, aka fara Dirki: wani abu da aka naɗe da fata, ana ƙara masa fata a kan fata, ana yi masa yanka domin tsaron gari. Ya kai har zamanin Muhammadu Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Fadawa suka nemi shanu arba'in domin Dirki, Alwali ya ƙi, ya tura samari da gatura su farfasa shi. Da suka kai ga abin da ke ciki sai ga Alƙur'ani. Mutanen gari suka ce yadda ya fitar da Alƙur'ani daga Dirki haka za a fitar da shi daga Kano. Masu jihadi suka kore shi daga birni, aka kashe shi a Burum-Burum a 1807.

A duk Tarihin Kano da wuya a sami labarin da ya fi wannan nauyi. Samari sun ɗaga gatari suna neman gunki, suka tarar da littafin da su kansu suke salla da shi. Wato a lokacin abin farauta da makamin farauta sun riga sun cuɗe, har ba a iya raba su da sara.

Da aka rasa bishiya a tsakiyar gari, iskoki ba su rasa wurin sauka ba. Sun sauka a kan mutane. Wannan shi ne bori, kuma ya kamata a yi masa adalci wajen bayani, domin 'yan bori ba mafarauta ba ne, masu sulhu ne. A wurinsu iska ba abin kora ba ce, baƙo ce da ake tambaya me take so. Idan ciwo ya ƙi jin magani, aka gano cewa iska ce, sai a yi wa mai shi girka: a keɓe shi kwanaki, a yi ta ba shi jiƙo da hayaƙi, a yi yanka, har iskar ta daina wahalar da shi ta koma hawansa a kan ƙa'ida. Daga nan namiji ya zama doki, mace ta zama goɗiya. Mai garaya ko mai goge ya kaɗa taken kowace iska, mata suna bin sa da ƙwarya, iskar ta hau, ta yi magana, ta ba da magani, ta sauka da atishawa.

Iskokin nan gari guda ne, sunansa Jangare, kuma tsarinsa tsarin birnin Hausa ne sak. Akwai Sarkin Aljan Sulemanu. Akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai kyauta da caca, da Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da carbi, da Sarkin Rafi, da Kuturu, da Inna wadda ake tsoron ambaton sunanta. Da Turawa suka zo, su ma aka ba su unguwa a Jangare, sojojinsu da likitocinsu. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, da Fremont Besmer, wanda littafinsa kan bori da makaɗansa ya fito a 1983, duk sun rubuta wannan tsari dalla-dalla. A. J. N. Tremearne kuwa har Tunis da Tarabulus ya bi Hausawa, ya tarar sun tafi da iskokinsu, ya wallafa abin da ya gani a 1914.

Kowace hukuma da ta hau ta gwada ƙarfinta a kan bori. Malaman jihadi sun la'ance shi. Nana Asma'u ta fi kowa fahimtar abin: ta gane cewa matan karkara ba don garaya kawai suke zuwa ba, suna neman inda za su kai kukansu ne, sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jagorori da ake kira jaji da malafa, ta tura su ƙauyuka da karatu da nasiha. Turawa sun hana yin sa a fili. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma kafa hukumar Hisba da doka a 2003, sai garaya ta ƙara yin nisa da birni, abin da ya rage ya koma cikin gida, ƙofa a rufe.

Akwai wata farautar kuma da ta fi wannan haɗari, domin abin farautarta yana da suna da dangi. Ita ce farautar mayu. Imanin shi ne maye yana da ƙanƙara a ciki, yana kama kurwar mutum ya ɓoye, mai kurwar ya yi ta ramewa. Idan mara lafiya cikin zafin zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, shi ke nan, sai a jawo ta a ce ta tsallake shi ta sakar masa kurwa. Wasu garuruwa har Sarkin Mayu gare su, wanda ake kira ya yi maganin abin. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mai da jifan mutum da maita laifi. Amma dokar ba ta kai ko'ina ba. A watan Fabrairun 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa 'yar shekara 67 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil a 2023. Laifinta kawai shi ne wata mara lafiya ta ce ta gan ta a mafarki. Duk wanda ke jin daɗin labarin mafarautan dodanni ya kamata ya san wannan shari'a, domin a rayuwa ta gaske dodon da ake kamawa sau da yawa tsohuwa ce marar gata.

Gyadi-Gyadi da Tarauni, yankin su Babban Giji, ba sa cikin labarin Shamus. A wajen ganuwa suke, kudu maso gabas da birni, kuma tsofaffin unguwar suna tuna lokacin da gonaki da kukoki da tsamiyoyi suka fi gidaje yawa. Gari ya biyo titin Zariya ya cinye gonakin, aka yanka filaye, aka yi ta sara. Wannan karon ba sarki ne ya ba da umarni ba, ba kuma don addini aka yi ba, mai fili ne yake son aza harsashi. Amma ko shi yakan nemi malami ya yi addu'a kafin a taɓa tsohuwar tsamiya, wani ma'aikacin ma yakan ƙi ɗaga gatarin sam. Iyaye mata a Babban Giji har yau suna kiran yara su shigo idan magariba ta kawo kai, suna hana yarinya zubar da ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla, suna gargaɗi kan juji da bakin masai da hanyar maƙabarta.

A irin waɗannan sababbin unguwanni ne sabon mafarauci ya yi ƙarfi, wato mai ruƙiyya. Ita ruƙiyya ba baƙuwa ba ce. Hadisin Abu Sa'idul Khudri, inda sahabi ya karanta Fatiha ga shugaban wata ƙabila da kunama ta harba ya warke, yana cikin Bukhari, malaman zaure kuma sun daɗe suna tofi da rubutun sha. Sabon abu shi ne zaman da ake yi a titsiye aljani a yi masa tambayoyi. Wannan salo ya bazu ne tare da ɗaliban da suka dawo daga ƙasashen Larabawa da littattafai irin na Wahid Abdussalam Bali, malamin Masar, a daidai lokacin da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, yake sa mutane ƙyamar laya da zuwa wurin boka. Mai ciwo yana nan, tsohuwar hanya an toshe ta, dole a buɗe wata.

Lokacin da Kano duka ta san da ruƙiyya ya zo ne a ƙarshen 1995 zuwa 1996. 'Yan mata a makarantun sakandare suka fara faɗuwa, suna ihu, wasu ƙafa ta riƙe, wasu suna wata rawa da masu kallo suka ce irin ta fim ɗin Indiya ce. Masu bincike biyu da suka bi lamarin, Susan O'Brien da Conerly Casey, sun rubuta cewa abin ya shafi 'yan mata wajen ɗari shida. Gari ya sa wa abin suna Sumbuka. Shekarar ce kuma sanƙarau ya yi wa Kano mummunar ɓarna, mutane suna binne 'ya'yansu, zukata a tsorace. Aka kai malamai makarantu suka yi karatu, aka ɗauki muryoyin a kaset, kaset ya shiga kasuwa. Mutumin da bai taɓa halartar wasan bori ba ya zauna a ɗakinsa ya ji malami yana yi wa aljana tambaya tana ba shi amsa.

Yadda zaman yake bai sauya sosai ba tun lokacin. Ɗaki ne da tabarma ko darduma. Mara lafiyar, galibi mace, tana lulluɓe da hijabi, uwarta ko mijinta na riƙe da ita. A gefe akwai robar ruwa, da man zaitun, da habbatus sauda, da ganyen magarya bakwai da aka daka. Malam ya matso kusa da kunnenta ya fara da Fatiha, ya shiga Baƙara, Ayatul Kursiyyu, ya bi ayoyin da suka ambaci aljanu da sihiri, ya rufe da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Wani lokaci ba abin da ke faruwa. Wani lokaci yatsu su fara rawa, murya ta sauya.

"Wane ne kai? Musulmi ne kai ko kafiri? Me ta yi maka?"

Amsoshin ba su cika fita daga uku ko huɗu ba. Ta zuba wa 'ya'yana ruwan zafi. Ta taka ni a bakin masai. Turo ni aka yi. Sonta nake. Wani kuma ya ce gidansa aka sare. Malam ya yi masa wa'azi, ya kira shi zuwa Musulunci idan ba Musulmi ba ne, ya sa shi ya yi alkawarin ba zai dawo ba, sannan ya umarce shi ya fita ta babban yatsan ƙafa, kada ya bi ta ido ko kunne.

Wanda ya san bori zai ji wani abu da ya saba ji a nan. Tambayar farko iri ɗaya ce, wato wane ne kai, me kake so. A tambaya ta biyu ake rabuwa. Ɗan bori yana neman a zauna lafiya da baƙon, mai ruƙiyya yana neman baƙon ya tattara ya tafi, kuma ba ya yarda a yanka masa ko da kaza. Ga malamai wannan bambanci shi ne iyakar tauhidi da shirka, ba ƙaramin abu ba ne. Ga mai tarihi kuma akwai abin lura: a zamanin Tsamiya bishiya ake kai wa hari, yau kuwa wurin da ake fafatawar jikin 'yar mutane ne.

A nan ne ya wajaba a yi magana ba kwana-kwana. Akwai masu ruƙiyya masu tsoron Allah, waɗanda ba sa wuce karatu da addu'a, ba sa keɓewa da mace, idan kuma suka ga alamar ciwon asibiti sukan ce a tafi asibiti. Akwai kuma waɗanda suka mai da abin kasuwa, suna tsula wa mara lafiya bulala da sunan aljanin ake duka, suna shaƙa mata hayaƙi har numfashi ya sarƙe, suna ɗaukar ta a waya a lokacin da ba ta cikin hayyacinta su watsa a Facebook da TikTok. Idan an gama, tabon bulalar a jikin yarinyar yake kwana. Farfaɗiya kuwa, da ciwon damuwa, da ruɗewar da kan sami mace bayan haihuwa, duk suna iya zuwa da faɗuwa da sauyin murya, kuma duk suna da magani. Littafin Katolika na 1999 ya umarci limami kada ya yi gaggawar cewa shaiɗan ne, ya nemi shawarar likitoci idan da hali. Wannan ƙa'ida ba ta fi ƙarfin Kano ba, malaman kirki ma suna bin ta ba tare da an rubuta musu ba. Abin da ya rage shi ne babu wanda ke tilasta ta a kan sauran.

Mutanen Babban Giji sun fi yawancin Kanawa sa'a ta wannan fuska. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a kan titin Zariya, tafiyar 'yan mintoci a adaidaita sahu, kuma yana da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Da yawa daga waɗanda ke zuwa sashen sun riga sun biya ta wurin malam, wasu watanni kafin nan, wasu shekaru. A layin jiran likita ana ganin uwa da 'yarta a kan benci, yarinyar ta jingina da kafaɗarta. Idan aka kira suna, uwar ta buɗe jaka tana laluben katin asibiti, sai ta fara fito da robar ruwan tofi ta ajiye a gefe, sannan ta zaro katin daga ƙarƙashinta.